Gashin Nonon Karya

Tunda nake ban taɓa sa hannu a jikin kare ba sai daminar nan da ta wuce. Muna da karya a bayan gida mai tsaron awakina. Ba ta shiga tsakar gida, ba ta kusantar randa, ragowar tuwo ma daga nesa ake jefa mata. Amma ɓarayin da suka kwashe awakin maƙwabta ba su taɓa nawa ba, kuma na san dalili.

Ta haihu a ƙarƙashin rumbu. Ba a jima ba na lura ta daina cin abinci. Da na leƙa sai na ga nono ɗaya ya kumbura suntum, ya yi ja, bakinsa ya fara baƙi. Ɗan kwikwiyo na matsowa ta kai masa cizo. Na yi wa mata da yawa wankan jego, na san ciwon nan, na kuma san inda yake kai mai shi.

Babban ɗana ya sayo kafso a kemis, ya ɓare, ya tsaya daga nesa ya barbaɗa mata garin yadda muke yi wa gyambo. Iska ta kwashe.

"Ai an sa magani, Inna."

"An dai sa wa ƙasa," na ce.

Ranar kasuwar Bagwai na sa ya zo da malamin dabbobi. Ya yi mata allura, ya bar wani kafso. Ya ce ta baki za a ba ta, safe da yamma, har ya ƙare ko da ta miƙe. A ɗaure mata baki, a gasa nonon da ruwan ɗumi, a matse mugunyar. In ba haka ba ruɓewa zai yi, ta mutu.

"To wa zai matse?" na tambaya bayan ya tafi.

Ɗana ya dubi farar rigarsa. "Inna, najasa ce fa."

"Ruwa ya ƙare a rijiya ne?"

Matarsa kuwa ta tuna ta bar tuwo a wuta.

Na ɗora ruwa da kaina, na yagi tsohon zane na ɗaure mata baki. Jikinta zafi rau. Ina ɗora tsumma ta fara gurnani, ina matsawa ta fizge kai, ɗaurin ya zame. Haƙoranta ga su ga wuyan hannuna, ina jin hucinta. In na janye da sauri za ta kama. Na tsaya cak, ina yi mata magana ƙasa-ƙasa yadda nake yi wa mai naƙuda. Can ta mayar da kai ƙasa. Mugunya ta fito, rawaya da jini.

Maƙwabciyata ta leƙo ta kan danga. "Iya, yau kuma ungozomar karnuka aka koma?"

"Ke da ba ki da ko akuya ɗaya yanzu, me ya dame ki?"

Kullum na gama sai in cuɗe hannuna da ƙasa in wanke, in sake zane. Kafso kuwa a cikin lomar tuwo nake tura mata. Da ta fara tafiya ɗana ya ce a ajiye sauran, zai yi amfani. Na hana, sai da ta shanye shi tas.

Nonon ya motse, bai ƙara kawo ruwa ba, amma ta tashi. Da aka yaye 'ya'yan, maƙwabciyar ta aiko wai a ba ta ɗaya. Na ce ta zo ta ɗauka da hannunta.