Gangarar da Muka Yi wa Keken Yaya

Da sunan Allah nake farawa, Shi da yake ba bawa ƙafafu, in ya so kuma ya karɓi abinsa.

Shekarar da na gama gina gidana a Dogon Dutsi, a sabuwar unguwar da ke gindin dutse, wana yana zaune tare da ni. Shi ne babba a ɗakinmu. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya kai ni makarantar allo, ya riƙa aiko mini da hatsi har na sauke. Da can fataucin albasa yake yi. Wata damina motar da suka hau ta kife da su a hanyar Sukukutane, ya tsira da ransa, amma ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba. Tun daga nan keken guragu ya zama ƙafarsa, irin mai taya uku da ake murzawa da hannu. Ya sa mai walda ya haɗa masa akwatin ƙarfe a baya, yana zuba goro da turare da asuwaki, yana sayarwa a ƙofar masallaci.

Gidan hayar da muke ciki a tsohon gari ƙofarsa daidai take da ƙasa. Duk damina ruwa yakan shigo mana har tsakar gida, mata su yi ta kwarfewa da ƙwarya. Amma Yaya yana shiga yana fita ba tare da ya kira kowa ba, kuma ban san girman wannan a wurinsa ba sai daga baya.

Saboda wahalar ruwan nan na ce wa magini ya ɗaga mini harsashi sosai. Kowa a unguwar haka yake yi, don idan aka yi ruwa a kan dutse, yakan gangaro da ƙarfi ya bi lungu kamar ƙorama. Daɓen zaure ya kai gwiwar mutum. Ban manta da Yaya ba, na gaya wa magini cewa akwai mai keke a gidan, a yi masa wurin hawa. Ya ce an gama. Ya yi irin gangarar da ke ƙofar kowane ɗan kasuwa a garin, wadda ake turo moto, wato babur, a kanta a shigar da shi zaure, gajeriya mai tsauri a tsakiyar matakala, sai dai ya ƙara mata faɗi don tayoyi su samu wuri. Na zo na duba, na ce madalla. Ni ma ita kaɗai na taɓa sani.

Ranar da Yaya ya zo ganin gida, da hantsi ne, maƙwabta suna zaune a inuwa. Ya ja baya kaɗan, ya murzo da ƙarfi, ya hau. Tayar gaba na kaiwa tsakiya sai ta tashi sama, nauyin akwatin ya janye shi baya. Ba don samarin da ke wurin sun tare shi ba, da ƙeyarsa ce za ta fara taɓa ƙasa. Goro ya watse a yashi. Samarin, da kyakkyawar niyya, suka ɗaga shi da keken gaba ɗaya suka dire a zaure, ɗaya yana cewa a riƙe can, ɗaya yana cewa a kula da ƙafar.

Ya zaga ɗakuna, ya yaba rufi, ya ɗaga hannu ya yi addu'a mai tsawo. Da za a fita aka sake ɗaukarsa. Sai da muka yi nisa, ina tafe a gefensa, ya ce ya yi shawara zai koma Tibiri wurin ƙanwarmu, gidanta a ƙasa yake.

Na ce ai samari ba su ƙarewa a unguwa, ga 'ya'yana kuma.

Ya ce, "Ƙanena, gida ya yi kyau, Allah shi sa albarka. Amma salla biyar ce a yini. Sau goma ke nan za a ɗauke ni kamar buhun hatsi. In na ji fitsari a waje fa, wa zan tsaya jira?"

Na roƙe shi ya ba ni lokaci kafin ya aika wa ƙanwarmu, ya ce ya ba ni.

Washegari na koma wurin magini. Da farko ya ɗan ji haushi, ya ce gangara irin wannan ya yi ta a gidaje da dama ba wanda ya dawo masa da ita. Da Yaya ya ji, ya ce a tambaye shi ko a cikin motocin nan akwai wanda ya taɓa tura kansa. Magini ya yi dariya, ya sauko, muka tsaya muna duban ƙofar. Ya ce abu biyu ne: ko a rage tudun, ko a tsawaita gangarar. Rage tudu kuwa ba zai yiwu ba, ruwa zai shigo. Ya ja layi da ƙafarsa a yashi ya nuna inda za ta kai in an miƙe ta, sai ga shi ta ci rabin lungu.

Ni dai na ce a yi hakan. Amma maƙwabcina, wani saurayi ɗan kasuwa da ba mu cika haɗuwa a masallaci ɗaya ba, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce ni Malam na fi shi sani, hanya tana da haƙƙinta, kuma nan amalanken jakuna ke bi da ruwa da itace. Maganar ta yi mini nauyi daga bakin yaro, amma gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma ya ce me zai hana a kwantar da ita ta bi jikin bango.

Jikin bangon nan kuwa dakalina ne. Tun kafin a haƙa harsashi nake ganin kaina a kansa bayan la'asar, da buzuna da littattafaina, abokai suna zuwa muna duba karatu. An riga an gina shi, an shafe shi sumul. Na yi kwanaki ina wucewa ina kallonsa. Wata safiya na ce wa magini ya kawo diga.

Wannan karon ba mu taɓa siminti ba. Yaya ya ce a zuba jar ƙasa a daddaɓe, ya gwada da hannunsa tukuna, don hannun ne zai yi aikin. Haka muka yi ta yi. Ya hau, ya ce ta yi tsauri, a ja ta baya. A ƙara ƙasa, a daɓe, ya sake hawa. Ya sa aka cika akwatin da duwatsu don ya yi nauyin ranar kasuwa. Magini yana awo da metir ɗinsa, ni ina bi da kamu irin namu na da, Yaya yana mana dariya yana cewa mu biyu duk kafaɗarsa ta fi mu iya lissafi. A hankali gangarar ta miƙe har ƙarshen bango.

Da ya fara kaiwa sama sai wata matsala ta fito. Yana isa bakin ƙofa dole ya juya ya shiga zaure, kuma da ya saki hannu don juyawa sai keken ya fara komawa baya. Ya ce yana son wuri shimfiɗaɗɗe a sama, kamar faɗin tabarma, inda keke zai tsaya da kansa ya huta. Muka rushe matakalar, muka yi masa, muka mayar da ita gefe. Ya kuma ce a ɗaga ɗan baki a gefen da ke kallon lungu, don kada taya ta zame ranar da hannu ya gaji. Matarsa ce ta aiko daga cikin gida cewa kada a shafe simintin sumul, a ja masa tsintsiya tun yana ɗanye, ita ta san yadda daɓe ke santsi da damina.

Aka zuba siminti, muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, muna yayyafa masa ruwa safe da yamma. A duk kwanakin nan Yaya bai ce ya fasa tafiya ba, ni kuma ban tambaya ba.

Ranar da ya bushe, bayan azahar, ya zo da kayansa na sayarwa a akwati. Maƙwabta suna nan kamar ranar farko. Ya yi bismilla ya hau. Yana tafiya a hankali, sarƙar tana ƙara, jijiyoyin hannunsa sun tashi. A tsakiya ya tsaya. Wani saurayi ya yunƙura, na riƙe masa riga. Ni kaina sai da na harɗe hannuwana a baya don kada su yi abin da ba a sa su ba. Ya ja numfashi, ya ci gaba, har ya kai shimfiɗar nan ta sama. Ya saki hannu duka biyu, keke ya tsaya cik. Ya goge gumi da hularsa, ya juya, ya shige zaure.

Na bi bayansa. Na same shi a tsakar gida yana duban ɗakin da ke gabas, wanda ƙofarsa ta fi faɗi.

Ya ce, "Wanga na ɗakina?"

Na ce shi ne, Yaya.

Ya ce to a samo amalanke gobe a kwaso masa gadonsa, kuma a gaya wa matarsa ta fara ɗaure kwanoni.