Mutumin Yumɓu Mai Ƙafa Ɗaya

Zuwa ga Edita,

Wajibi ne a kan duk malamar da aka danƙa wa aji ta tsare amanar yaran da ke gabanta, ko da wanda zai cuce su ya fi ta muƙami. Na san wannan wajibi, kuma na kasa sauke shi sau ɗaya a rayuwata. A lokacin ina budurwa, ban fi shekara biyu da fitowa daga kwalejin horar da malamai ba, ina koyar da aji ɗaya a wata makarantar firamare a nan Gombe, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba. Ɗabi'ata ce tun a lokacin in rubuta abin da na gani ga kowane yaro a wani littafi nawa, ban da rajistar aji. Daga wannan littafi nake ɗauko abin da zan faɗa, ba daga tunani ba.

Akwai wata yarinya 'yar shekara shida a ajina, gidansu a Jekadafari. Mahaifinta direban motar auduga ne. Motar ta faɗi da shi, aka yanke masa ƙafar hagu a ƙasan gwiwa, ya yi watanni a asibiti. Da aka dawo da shi gida, yarinyar ta ƙi shiga ɗakinsa. Mahaifiyarta ta shaida mini cewa da zarar ta ji ƙarar sandar dogarawarsa sai ta ɓuya a bayan randa. A aji kuwa ta daina magana ɗungurungum, ko sunanta na kira sai dai ta ɗaga hannu.

A darasin aikin hannu, yara suna gina shanu da tukwane da yumɓu. Ita kuwa mutum take ginawa, ta cire masa ƙafa ɗaya, ta dube shi, sannan ta murƙushe shi. Sau uku na rubuta haka. A na huɗu na zauna kusa da ita, na tambaye ta me za mu ba wannan mutum don ya iya tsayuwa. Ta ce sanda. Wannan ce kalmarta ta farko a cikin mako bakwai. Muka fere kara muka yi masa sanda, na yago bakin tsohon ɗankwalina muka naɗa masa bandeji, muka tsayar da shi a kan taga. Kullum da safe sai ta kwance tsumman ta sake ɗaurawa, kamar yadda take leƙen mahaifiyarta tana yi, tana ce masa ya yi haƙuri, ya kusa warkewa. Bayan mako biyu ta gaya mini ta kai wa Babanta ruwa har bakin gado. Bayan wani makon ta ce ta taɓa bandejin, kuma bai cije ta ba. Da muka ji za a yi wa mahaifin ƙafar katako, muka yi wa namu ta kara, muka shirya ta kai masa shi ranar Juma'a.

Ranar Alhamis Bappanta, wan mahaifinta, ya zo ɗaukarta, ya ga mutumin a kan taga. Ya ce gunki ne, kuma izgili ne ga ɗan'uwansa, wai na koya wa 'ya ta yi wa ubanta dariya. Na nuna masa shanu da dawakan yumɓu da ke jere a gefe, na tuna masa cewa babu gidan da 'yan mata ba sa goya 'yar tsana. Ya ce ba da yarinya irina zai yi magana ba. Yana da sanayya a ofishin ilimi, ya kai ƙara can.

Saboda wannan ƙara, mutumin bai bar taga ba ranar Juma'ar. Mai duba makarantu ya zo bayan kwana huɗu. Na miƙa masa littafina, bai buɗe ba. Na roƙi a tambayi mahaifin, ya ce ba a tayar da majinyaci saboda wasan ƙasa. Ya ba ni zaɓi: ko in fasa abin a gaban aji in sa hannu a takardar ban-haƙuri ga Bappan, ko a kai rahotona a kore ni. Sannan ya sa hedimasta ya rubuta a katin halin yarinyar cewa ta yi wa mahaifinta izgili. Ga laifina, ba zan yi masa ado ba: na ji tsoro, na ɗauki mutumin na buga da ƙasa a gaban yara arba'in. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta tsince gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya, har da sandar, ta ƙulle a gefen zanenta.

Kwana tara ba ta zo makaranta ba. Daga baya na ji cewa ta ƙi abinci, ta tare a ƙofar ɗakin mahaifinta, domin ta ɗauka tunda an fasa wancan, wannan ma mutuwa zai yi. A rana ta goma, muna tsakiyar darasi, na ji ƙarar sanda. Mahaifin ne, a kan sabuwar ƙafarsa, ya ratso rairayi tun daga Jekadafari, jiƙe da gumi, dungun har ya fara jini, yarinyar tana riƙe da bakin rigarsa. A gaban hedimasta ya ce mini, Malama, wa ya tambaye ni? Ƙafata ce aka yanke ko ta Yayana? Ya kwance ƙullin gutsattsarin, ya ɗaga kan mutumin, ya ce wallahi wannan ya fi hoton lasisinsa kama da shi, sai dai an rage masa tumbi, kuma ya gode. Ya zauna a gindin dalbejiya ya ce a kawo yumɓu. Yarinyar ta fara gini, ya ce a'a Uwata, kin yanke da yawa, likita bai kai nan ba, zo ki gwada. Ta ɗora tafinta a kan gwiwarsa ta auna, ta koma ta gyara.

Na koyi cewa ƙaramin yaro ba ya faɗin tsoronsa da baki, da hannu yake faɗa. Ina gargaɗin iyaye da malamai: idan kun ga yaron da iyayensa ke jinya yana gina abin da ya ba ku tsoro, ku zauna ku tambaye shi, kada ku fasa. Ina kuma gargaɗin duk mai riƙe da alƙalami, kada ya rubuta wa yaro hali bisa maganar wanda bai ji ciwon ba.

Sau biyar na rubuta wa ofishin ilimi, ina riƙe da kwafin kowace wasiƙa, ba a amsa ko ɗaya ba. Bana yarinyar take gama firamare, kuma katin nan zai bi ta duk makarantar da ta nema. Saboda haka, ta hannun wannan mujalla, ina neman hukumar da abin ya shafa ta buɗe bincike, ta karanta littafina, ta saurari mahaifin, wanda ya ce a shirye yake ya sake takowa, sannan ta soke wannan layi daga katin. Takardar ban-haƙurin da na sa wa hannu kuwa, ina roƙon a bar ta a fayil ɗina, domin na cancance ta. Abu ɗaya kawai za a gyara: a cire sunan Bappan, a sa na yarinyar.

Wata malamar firamare,
Gombe.