Ranar da Injin Abokina Ya Haɗiye Bawul ɗin Keke

Shekarun baya, a shekarar da aka mayar da tuƙi hannun dama, abokina ya sayi wata tsohuwar akori-kura. Na sha rantse masa cewa ita ta kai kakata ɗakin miji. Amma tsufanta bai sa ta zama abin wasa ba, domin shanun mahaifiyarsa ne suka koma motar nan, har da jar saniyar da take tatsa kowace safiya. Da motar yake ɗebo gyaɗa daga Toranke da Gafasa zuwa Gaya, da ita gidansu ke ci.

Shi Bafulatani ne, ni kuwa jinin Barebari, don haka abokan wasa ne mu tun daga kakanni. Ya kira ni bawansa, in kira shi bawana, kuma duk abin da ɗaya ya yi wa ɗaya, al'ada ba ta yarda a yi fushi ba.

Wata ranar kasuwa a Gaya ya buɗe murfin inji zai zuba ruwa, mutane suka taru suna leƙe. Ni da na taɓa yin wata uku ina wanke sifana a wani gareji a Kano, sai na ga ranar nuna ilimi ta zo. Na jingina gwiwar hannu a kan inji ina bayani kamar ni na ƙera shi. Sai na ji ƙas!

A jikin bututun ƙarfen da ke kai mai da iska daga kafireto zuwa cikin inji, akwai wani ɗan bakin tagulla, bai kai ɗan yatsa ba, wanda ake cusa wa tiyon roba. Shi na karya. Da aka tayar da mota sai ta kama tari da rawar ɗari, ramin yana huci kamar kububuwa, ana ɗaga ƙafa daga totur ta mutu.

Muka tura ta wajen wani tsohon maƙeri. Ya lallaɓa ya kwance guntun da ya maƙale, ya ce zai ƙera sabo mai zare irin na noti daidai ramin, amma sai jibi.

“Jibi, Baba?” in ji ni. “Kafin jibi ai na ƙera mota sukutum.”

Tsohon ya sa aka tayar da inji, ya tsinci gashin kaza ya kai bakin ramin. Fit, gashin ya ɓace.

“Ka gani, ɗana? Wannan ba yoyon tulu ba ne. Tulu fitarwa yake, wannan zuƙa yake. Abin da ba a ɗaure da zare ba, cikinsa zai tafi.”

Na ce, “Baba, gashin kaza ya samu. Mota ce, ba kura ba.”

Aka yi dariya. Wannan dariyar ce ta kashe mu, don ni in aka yi mini dariya sau ɗaya, ko rijiya aka nuna mini sai na faɗa.

Abokina ya ja ni gefe. “Kai Babarbare, mu jira jibin nan. Ka san abin da Inna ta saki kafin a sami motar nan.”

“Ɗan Fulani, ka tsaya a kan nono da sanda. Ƙarfe sai iyayen gijinka.”

Na samo bawul ɗin tayar keke, shi ma tagulla ne mai rami. Ya yi wa ramin kaɗan, sai na naɗe shi da zaren saƙa, na dama ƙaro na shafe, kamar yadda mahaifiyata ke liƙe randa in ta tsage. Na cusa, na maƙala tiyo. Wallahi motar ta tashi tana guɗa kamar amarya aka kawo. Na zagaya kasuwa ina karɓar jinjina.

Ba mu yi rabin hanyar Ajingi ba inji ya ɗau zafi, ƙaro ya narke, tiyo ya suɓuce. Muka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a turmi ana daka, sannan shiru. Na buɗe murfi, ga rami wayam. Bawul ya bi sawun gashin kaza.

Da bakanike ya zo daga Kano ya buɗe, fistin ya huje, kan inji ya tsage. Ya ce kayan irin wannan tsohuwa sai dai a mafarki. Gyaɗar kakar shekarar wasu suka ɗebe ta. Motar ta zauna a ƙofar gidansu har kaji suka mai da ita akurki.

Na je gaishe da mahaifiyarsa, na tarar tana dama fura da nonon da ta sayo a kasuwa. Ta miƙo mini ƙwaryar ta ce, “Sha, ɗana.” Ban taɓa haɗiyar abu mai ɗaci kamarsa ba.

Sau uku ina zuwa ba abokina haƙuri. Duk sanda na buɗe baki sai ya tare ni da dariya: “Bawa ai ba ya biyan ɓarna. Tashi ka ɗebo mini ruwa.” Idonsa kuwa ja wur. Bayan damina ya bi wani mai garke kudu, yana kiwon shanun da ba nasa ba.

Har yau ina ba da labarin nan a majalisa, ana tuntsira dariya, ni ma ina ƙara masa gishiri. Amma na koyi rufe baki in mai sana'a yana magana, sai dai da shanun wata tsohuwa aka biya mini karatun.

Shekaru da yawa bayan haka mun haɗu a kasuwar Gaya, ya rame, sanda a kafaɗa. Ya kama hannuna ya ce, “Bawana, har yanzu kana gyaran mota?” Ya yi dariya, ni ma na yi. Da ma mari ya kwaɗa mini tun ranar, da tuni na warke.