Riɗin Kawu Isufu Ya Kai Saƙo

Ku da kuka san Kawu Isufu na Kwaya, kun san ba a miƙa masa abu ya karɓa shiru. Sai ya juya gindin abin, ya kira ni, da yake na yi lakwal, wato boko: "Kai, karanta min, wannan ɗan wace ƙasa ne?" Buta ta Sin, shinkafa ta Tailan. Sai ya lumshe ido, ya ce, "Sannu da hanya."

Shekarar da takin zamani ya yi tsada, aka ce masa yaƙi ake a wata ƙasa mai nisa. Kawu ya fusata. "Ni wa na zaga a can? To, na yi fushi da duniya! Ba ni ƙara taɓa kayan waje."

Matarsa, Inna Hajo, ta ce, "Madalla." Ta kwashe shayi, rediyo, silifa, har tasbaha. Wallahi kafin la'asar sai ga shi ƙafa ba takalmi, yana leƙen madafa: "Hajo, ɗora shayin nan. Duniya ta ba ni haƙuri."

Ranar kasuwar Dungas kuwa, kafin kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗauki riɗinsa, sai ya bi buhunan yana sallama: "Ku gaida Kano, ku gaida teku, kar ku ba ni kunya wajen mutanen Japan." Wata rana na kawo masa biskit mai riɗi a kai. Ya ƙura masa ido. "Kai! Na gonar gabas ne. Dubi yadda ya yi fari, ya ji daɗin waje!"

Muna ta dariya. Amma ni da ke kama masa buhu na san abin da yake raɗawa a ƙarshe. Ɗansa Habu ya tafi Aljeriya neman aiki, shekaru ba labari. "In kun gamu da Habu, ku ce ya zo gida."

Kawu ya rasu da damina. Da kaka sai ga Habu. Ashe a gidan burodi yake aiki, shi ke barbaɗa riɗi. Ya ce kullum ƙamshin na tuna masa gonar gabas, har ya kasa daurewa. Na so in yi dariya, kuka ya zo min.

Saƙo ya isa, Kawu. Allah Ya jiƙan ka, Ya ce maka sannu da hanya.