Baƙin Zaren da Na Kasa Kaɗewa

Shekara takwas da suka wuce ni tela ne a Wambai, nan Suleja, mai aikin wuyan riga da hannu. Taurin kai kuwa, ko matata ta gaji da magana. Ina da ciwon suga, amma ina taƙama da cewa ina zura zare a allura tashi ɗaya, ba tabarau, ga shi na doshi hamsin.

Wata rana a asibiti aka ce za a ɗauki hoton cikin idon masu suga. Aka ɗiga mini magani, na ɗora haɓa a kan na'ura, haske ya walƙa. Likitar ta juyo mini da kwamfuta, ta nuna mini jijiyoyi sirara da wasu jajayen ɗigo a gefensu. Ta ce ƙananan jijiyoyin jini ne suga ya fara ci har suna yoyo, kuma ba za su yi zafi ba sai ɓarna ta yi nisa. Ta ce in dawo bayan wata uku. Maganin nan ya sa na wuni ina gani dishi-dishi, ga ɗinkin Sallah jibge, sai na ɗora wa na'urar laifi. Washegari na zura allura a gaban matata, na ce mata ga nawa gwajin nan. Ta roƙe ni in koma, na ce ta bar ni.

Shekara biyu ban koma ba. Ran nan ina aiki a kan farar shadda, sai na ga baƙin zare kwance a kanta. Na kaɗe, yana nan. Na hura, na sa farce. Matata da ta kawo mini abinci ta ce ai babu komai a kan rigar. Da na ɗago kai, sai na ga zaren a fuskarta. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Jini ne ya zuba a cikin idon. Likitoci sun yi ƙoƙari, sun ceto na dama, na hagu kuwa ya tafi.

Yanzu na gane cewa hoton ya ga abin da ni mai idon ban gani ba. Don Allah, mai suga, kada ka jira sai ka ji ciwo. Je ka a ɗauki hoton idonka, in an ce ka dawo, ka koma. Ni kam kullum da safe matata ke zura mini allura biyar, ta soke su a ƙyalle kusa da ni. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ni ne dai nake tunawa duk sanda na zari ɗaya.