Koya wa Mahaifina Turanci Daga Bayansa

A shekarar da soja suka koma bariki, mutanen unguwarmu da ke gindin Dala suka matsa wa mahaifina ya tsaya takarar kansila. Malamin zaure ne, yana karantar da nahawu da fiƙihu bayan sallar asuba, da hantsi kuma ya tafi rumfarsa ta littattafai a kasuwa. Da girmansa ya yi boko, a ajin manya. Yana karanta Turanci a hankali, amma ban taɓa jin ya furta jimla guda a gaban mutane ba. Ya ci zaɓen. Wanda ya kayar, wani ɗan kwangila, bai haƙura ba. Magoya bayansa suka riƙa bin majalisun unguwa suna cewa an zaɓo kansilan da sai an yi masa tafinta.

Damina na faɗuwa aka sanar cewa wasu injiniyoyi da ba sa jin Hausa za su zo sakatariyar ƙaramar hukuma don su ji halin da magudanan ruwa ke ciki, kowane kansila zai tashi ya yi bayanin mazaɓarsa. An tanadi tafinta. Baba ya ce da bakinsa zai yi, kuma da Turanci. Kowa a gidan ya fahimci abin da ya saka a faifai: in harshensa ya zame a gaban waɗancan mutane, malamin da ake durƙusa wa a lungu zai zama abin kwaikwayo a teburin mai shayi.

Ni ne na fito daga jami'a da digirin Turanci, don haka aikin ya faɗo kaina. Sai dai ni ne ɗan fari, gidanmu kuma na Fulanin birni ne masu riƙo da kunya. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ba ya duban fuskata, ba ya yi mini magana kai tsaye. In zai aike ni, sai ya ce wa wanda ke kusa, "A gaya wa yaron nan." Ban taɓa ɗaukar wannan a matsayin ƙiyayya ba, a ciki na tashi. Amma ban san ta inda ɗa irina zai ce wa uba irinsa ya yi kuskure ba.

Aka samo mai shiga tsakani, amininsa Alhaji, Babarbare mai sayar da huluna, wanda kakanninsa suka zo daga Borno tun da daɗewa. Ba ya jin Turanci ko kaɗan. Kullum bayan la'asar muna zaure: Baba a kan buzunsa, Alhaji a gefensa, ni a bakin ƙofa kusa da takalma.

Baba ya tsara bayaninsa da Hausa, ya mayar da shi Turanci da kansa. Ya gyara murya ya ce, "The gutters is dirty. The children are sicks."

Na sunkuyar da kai na ce, "Alhaji, wataƙila da za a sa kalmar 'are' a jimlar farko, a kuma cire harafin ƙarshe a ta biyun, da ya fi."

Alhaji ya juya ya ce, "Kai Bafillace, ɗanka ya ce shanu sun fi ka Turanci."

"Babarbare, rufe mini baki. Tambaye shi hujja."

Na yi bayani ina duban tabarma. A Turanci, in suna jam'i ne, kalmar da ke haɗa shi da siffarsa ita ma jam'i ce, mutum ne ko dutse. Siffar kuwa ba ta motsi, yadda take ga ɗaya haka take ga dubu.

Baba ya ce wa Alhaji, "A Larabci, jam'in abin da ba shi da hankali kamar mace guda ake ɗaukarsa. Kwata hankali gare ta da za a jera ta da mutane? Sannan muna cewa yaro ƙarami, yara ƙanana. Larabawa ma haka. Wane irin harshe ne siffa za ta ƙi bin mai ita?"

"Harshen masu hular kwano," in ji Alhaji. "Kai ka ce za ka iya."

Kwanaki suka shige a haka, abin kuma bai gyaru ba. Duk gyaran da zan yi sai na naɗe shi da "wataƙila" da "ana kuma cewa", domin ba ni da wata hanyar magana a gabansa. Shi kuwa kunnen malamin fiƙihu gare shi. Wata rana na ji ya ce wa Alhaji, "Ashe mas'alar akwai saɓani. To, ni na ɗauki ƙaulin farko." Nan na gane matsalar. Ladabina ya fassara da cewa duka biyun sun halatta.

Ana gobe taron aka yi wa Alhaji rasuwa, ya tafi Borno tun da safe. Bayan la'asar na shiga zaure na tarar da Baba shi kaɗai. Na zauna inda na saba. Hadari ya haɗo, zauren ya yi duhu, ana jin mata a cikin gida suna kwashe shanya. Ya fara karantawa yana duban bango. Ya zo kan kwatoci, ya faɗi yadda ya saba. Na buɗe baki, amma babu Alhajin da zan faɗa wa. Ya ƙarasa, ya sake daga farko, ya sake yin kuskuren. Na san ya ji shirun nawa, domin a karo na gaba da ya iso wurin sai ya tsaya.

Can ya miƙe, ya ja buzunsa, ya juya mini baya gaba ɗaya. Da muryar da yake karantar da ɗalibai ya ce, kamar zauren cike yake, "In liman ya yi tuntuɓe a karatu, wanda ke bayansa yakan ɗora shi, ko da ƙaramin cikinsu ne. Ba ya cewa ka yi kuskure. Daidai ɗin kawai yake karantawa."

Ya fara. Da ya ce is, na ce, "Are." Ya koma baya ya ce, "The gutters are dirty." Da ya ce sicks, na ce, "Sick." Ya maimaita. Haka muka yi ta yi, ruwa na dukan rufin kwano, har aka kira magariba. Babu wataƙila ko ɗaya a bakina. Tun da aka haife ni, wannan ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakaninmu, kuma ƙeyarsa nake kallo.

Washegari ɗakin taron ya cika. Mutanen ɗan kwangilar sun tare taga da bakin ƙofa. Na kutsa na tsaya a bayan kujerar Baba. Kansilolin da suka riga shi duk tafinta suka nema. Da aka zo kansa, wani daga taga ya ce, "A miƙa wa Malam carbi, Turanci zai ja." Aka yi dariya.

Ya miƙe ya yi gaisuwa, ya faɗi sunan mazaɓarsa, muryarsa ba ta rawa. Ya ce, "The gutters," sai ya tsaya.

Kalmar tana kan harshena. In na furta ta, na kusa za su ji, kafin azahar kuma labari ya zaga gari cewa ɗansa ke ba shi a baki. In na yi shiru ya faɗi ta dā, akwai 'yan sakandare a tagar da za su cafke ta. Ina ganin jijiyar wuyansa tana motsi a ƙarƙashin rawani. Wani ya yi tari da gangan. Na danne haƙorana, ban ce kome ba.

"Are dirty," in ji Baba. "The children are sick."

Ɗaya daga cikin injiniyoyin ya ɗaga kai ya tambayi wane irin ciwo. Wannan ba ya cikin abin da muka biya. Baba ya amsa da kalmomi kaɗan, a karkace, amma mutumin ya gane, ya rubuta, ya sake tambaya. Daga taga ba a ƙara jin kowa ba.

Yanzu ina da shekara hamsin, na koyar da wannan ƙa'ida ga azuzuwan da ban san adadinsu ba. Har yau ban san abin da tsayawar nan tasa take nufi ba, ko nemo kalmar yake yi a ransa, ko jira yake na ɗora shi ni kuma na bar shi shi kaɗai a gaban jama'a. Na sha auna abin ta kowace fuska. Har ya rasu ban sami wanda zan aika ya tambayar mini shi ba.