Gaisuwar da Muka Kai Har Scotland

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu rigimar da ta fi ƙarfin bakina, na zuba abokaina biyu da ba sa ga maciji a mota ɗaya, muka nufi Scotland.

Mu uku mun haɗu ne tun farkon zuwanmu London, a wani gidan haya a Dagenham. Ɗaya mutumin Kumasi ne, ɗan zango, direban bas. Ɗayan ɗan Jos ne, Kirista, yana aikin jinya. Shekara goma sha biyar muna cin abinci a faranti ɗaya. Sai mahaifin na Kumasi ya rasu can gida. Aka yi zaman makoki na kwana uku a falonsa a Barking, kowa ya zo ya zauna a tabarma. Ɗan Jos aiki ya riƙe shi, sai ya turo saƙon waya, layi biyu. Ya ce in ya samu hutu zai je. Hutun ya zo, kunya ta hana shi, kunyar kuma ta yi ta girma har shekara biyu. Ni abin ya fi damu, don ina kallon abotarmu tana mutuwa a tsaye.

Dabarata ita ce kowanne na ce masa mu biyu ne za mu yi tafiyar. Da na tsaya a Dagenham ɗaukar ɗan Jos, na Kumasi ya juyo ya zuba mini ido.

"Na riga na yi booking ɗin masauki, ba a cancel," na ce, na ba mota wuta.

Daga nan na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin Hausa.

"Ka gaya ma wancan ya rufe taga," in ji na Kumasi, "motan nan ya yi sanyi."

"Oga, ka gaya mishi na ji," in ji ɗan Jos daga baya.

Haka muka wuni a hanya. Duk wa'azin zumunci da na haddace na zazzage shi kafin mu wuce Birmingham. A wurin hutawa kowa ya sayi abincinsa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Amma ƙasar ta ƙi bari mu ɓata rai. Kashegari teku ya ɓullo ta hagunmu, shuɗi shar, hanya tana ta lanƙwasa a gefensa, tumaki zube a kan tsaunuka ba makiyayi. Ɗan Jos ya ce da a gida ne da tuni an san inda suka kwana. Na hango kafaɗar na Kumasi tana rawa, yana danne dariya. Da na zagaye wani shataletale sau uku ina neman mafita, sai su biyun suka fashe da dariya lokaci guda, suka kuma yi shiru lokaci guda, kamar yaran da aka kama da hannu a tukunya.

A rana ta uku muka shiga wani daji. Ban taɓa ganin itatuwa irin waɗannan ba. Na ɗaga kai neman ƙarshen ɗaya har hulata ta faɗi. Muka shimfiɗa tabarma a gindinta, na buɗe guzurin da matata ta haɗa: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dambun nama, yaji, da faranti ɗaya tak. Har yau tana cewa mantuwa ce. Na kwaɗa garin, na ce bismillah.

Na Kumasi ya naɗe hannu. "Ba na sa hannu da wanda bai gaishe ni ba. Babana ya mutu, ba akuya ba."

Ɗan Jos ya tashi ya zagaya bayan itaciyar, ta ɓoye shi gaba ɗaya. Na ce a raina shi ke nan, na ɓata abin da ya rage.

Can sai muka ji murya daga bayan itaciyar: "Salamu alaikum, masu gida."

Na Kumasi ya amsa. Ɗan Jos ya fito, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Ya haƙuri? Ya aka ji da rashin Baba? Allah ya jiƙansa. Na makara, ɗan'uwa, ka yafe mini."

"Haƙuri sai ma'aiki," in ji na Kumasi. Ya goge ido da bayan hannu, ya ja masa farantin. "Shekara biyu daga Dagenham zuwa Barking, tafiyar minti goma. Ko jirgin ƙasan District line bai kai ka latti ba."

Muka yi dariya da hawaye a fuska. Ni da na shirya jawabin sulhu, kafin in gyara murya sun cinye dambun.

Sauran kwana huɗun ban ƙara samun damar magana ba. Suka haɗe mini kai, suka ƙwace tuƙin, suka mayar da ni baya tare da buta da tabarma. Ban taɓa jin daɗin zama a kujerar baya kamar wannan karon ba.

Tun daga ranar, in na ji an yi rashi ba na taɓa waya, takalmi nake nema. Bara mahaifiyata ta rasu can gida. Ko awa ɗaya ba a yi da samun labarin ba na ji sallama a ƙofa. Su biyu ne, a mota ɗaya suka zo, ɗan Jos da kayan aikinsa a jiki, na Kumasi rungume da tabarma.